Dutsen da Baba Sau-Uku Ya Sassaƙa wa Kansa

A ƙarshen layin masu walda, inda kwalta take ƙarewa hanya ta miƙe zuwa maƙabartar coci, akwai wani shago mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. A gabansa duwatsu ne a jingine, manya da ƙanana, baƙaƙe da masu ruwan toka, kamar mutanen da suka zo asibiti suna jiran a kira su. A nan wani mutum ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana rubuta sunayen matattu a kan dutse. Sunansa na baftisma yana nan a rubuce, shi da kansa ya rubuta shi, amma a layin ba wanda yake kiransa da shi. Baba Sau-Uku ake ce masa.

Da farko mai rubutun allon shaguna ne, da fenti da burushi. Da uwarsa ta rasu aka rasa wanda zai sa mata suna a kan kabari, sai ya ari guduma da ƙarfen sassaƙa a wurin wani magini, ya zauna wata guda a kan dutse ɗaya. Mutane suka gani, suka fara zuwa. Bai sake komawa fenti ba. Ya ce mai shago yakan canza sana'a a goge allonsa, amma waɗannan ba sa canzawa.

Laƙabin nasa ya samo asali ne daga yadda yake aiki. In ka zo da takardar mamacinka, ba zai karɓa ya ce ka dawo jibi ba. Zai ba ka benci, ya sa tabarau, ya karanta maka abin da ka rubuto, harafi bayan harafi, lamba bayan lamba, sannan ya ɗago kai ya ce, "Haka ne?" Sai ka ce e. Ya zana rubutun da alli a kan dutsen, ya sake karantawa, ya sake tambaya. Daga nan ya sallame ka, allin ya kwana. Washegari ka dawo ya karanta na uku. In bai ji e uku daga bakin mai dutse ba, guduma ba za ta taɓa ƙarfe ba, ko da kuwa an riga an sa ranar kafa dutsen.

Masu gaggawa sukan yi gunaguni, su ce tsohon nan ya mai da rubutu shari'a. Amma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mutum yakan dawo rana ta biyu yana sosa ƙeya, ya ce ya tambayi yayarsu, ashe tsohuwar a watan biyar ta rasu, ba na shida ba. Baba kuwa tsumma yake jiƙawa ya goge allin. In ya ga dama ya ƙara da cewa alli yana jin ban haƙuri, dutse ba ya ji. Da wannan ya kusa shekara sittin a duniya bai ɓata dutse ko ɗaya ba. Bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. Sai dai in wani ya faɗa a gabansa, ba ya musu.

Yana da doka ta biyu, ita kuma ta masu rai ce. Akan samu miji da mata su zo tare, su ce a yi musu dutse ɗaya tun suna da ƙarfi, don kada su bar wa 'ya'ya wahala. Baba yakan yi musu: gicciye a sama, suna a dama, suna a hagu, shekarar haihuwa, ɗan gajeren layi, sai fili. In wani ya ce a fara sa masa wani abu a filin don rage aiki, Baba yakan ɗora yatsa a wurin ya ce wannan gurbin ba na mai dutse ba ne, ba na mai rubutu ba ne, akwai Mai shi. Dattawan coci suna son wannan magana ƙwarai. Har faston lokacin ya taɓa aron ta a wa'azi, bai kuwa mayar ba.

Matarsa tela ce, kekenta yana ɗakin gaba na gidansu, bayan shagon. Mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi ɗaya takan isa mako. Yana kiranta Maman Auta, tana kiransa Baban Auta, kamar ba su haifi wasu uku kafin Autar ba. Su ukun nan maza ne, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya so ƙurar dutse. Auta ce ta tsaya. Tun tana riƙe masa rula har ta fara riƙe guduma, ta yi aure ma ba ta daina zuwa shago ba. Hannunta yana da kyau. Abu ɗaya ne uban yake gani: in ta sassaƙa lamba tara, cikinta yakan fito da yawa, kamar tara ɗin ta ƙoshi.

A shekarar 1991, wata Talata da hantsi, Baba ya sunkuya zai ɗaga dutse, sai ya tsinci kansa a gadon asibiti. Likitan da ya duba shi mutum ne mai kirki, mai jiki, ba ya ɓoye wa mara lafiya gaskiya. Ya ce zuciya ce, ta gaji. Ya ce shekara biyu, in an bi magani sosai wataƙila uku. Baba ya saurara, ya ce a maimaita. Likita ya maimaita. Baba ya so ya tambaya na uku, amma akwai layi a waje.

Da ya dawo gida bai yi kuka ba, bai kuma tara iyali ba. Ya shiga bayan shago ya janye buhunan da ke rufe da wani baƙin dutse da ya ɓoye shekara goma sha ɗaya, mai sheƙi kamar ruwan rijiya, wanda manyan gari da yawa suka nema ya ce musu an riga an yi maganarsa. Wata biyu yana kansa. Ya yi gicciye. Ya sa sunansa a dama, na Maman Auta a hagu. Ya sa 1932 a ƙarƙashin nasa, ya ja ɗan layin. Sannan ya tsaya yana kallon filin.

Tunanin da ya yi mai sauƙi ne, kowane mai hankali zai iya yin irinsa. Likita ya ce uku. Ko an ninka, shida. Ko ta yaya aka juya, shekarar za ta fara da ɗaya da tara. Auta ce za ta ƙarasa rubutun, tara ɗinta kuwa ga yadda take. In ya sa biyun farko tun hannunsa bai fara rawa ba, ya rage mata aiki, ya kuma bar mata tara mai kyau a gefe, ta riƙa kallo in ta zo yin tata. Tara ta biyun dai bai sa ba. Ya ga wannan zai zama shisshigi.

Ya zana da alli. Babu mai dutsen da za a ba benci, don mai dutsen shi ne mai gudumar. Allin bai kwana ba.

Maman Auta ta shigo kiransa cin abinci, ta tarar yana hure ƙura daga cikin tara ɗin. Ta daɗe tana kallo. Ya ce mata in tana so ya sa mata nata biyun, tun yana kan aiki.

"Bar mini wurina yadda yake," in ji ta. "Kai dai wa ka tambaya?"

Ya ce likita.

Ta ce to, abinci yana hucewa.

Daga ranar Baba ya zama kamar matafiyin da ya ɗaure kaya yana jiran mota a bakin hanya. Ya ba surukinsa, mijin Auta, mai gyaran lantarki, takalminsa na zuwa coci, ya ce sauran tafiyar silifas ma zai isa. Tabaransa ya karye a gefe, ya ɗaure da zare, ya ce ba a sayen sabo don kwana kaɗan. In za a sayo man goge baki, ƙarami yake cewa a sayo. Rufin ɗakinsu ya fara yoyo, ya ce a tara bokiti, mai gyara yana nan tafe bayansa. Ya zaɓi waƙoƙi uku da za a rera masa, ya ba shugaban mawaƙa a rubuce. Ya nemi gafarar duk wanda ya tuna, har da waɗansu da suka ce ba su san ya yi musu komai ba, sai da ya tuna musu.

Shekara biyu ta wuce. Ta uku ta bi ta. Yana shan magani a kan lokaci, don shi ba ya wasa da umarni, yana kuma zuwa aiki, don zama yana sa shi tunani. A 1996 likitan ya rasu, matarsa ta zo da takarda. Baba ya ba ta benci, ya karanta mata sau uku, ya yi masa dutse mai kyau. Bayan shekara guda shugaban mawaƙa ya bi, sai da Baba ya sake rubuta waƙoƙin ya ba sabon. Takalmin da ya ba suruki ya mutu, aka jefar.

Baƙin dutsen yana jingine a bangon baya, lulluɓe da buhu. Amma sirri ba ya zama a layin masu walda. Da shekarar 1999 ta kama, kowa ya san abin da ke ƙarƙashin buhun, kowa kuma ya iya ƙirge. Gaisuwa ta canza. Maƙwabcinsa mai walda, wani dogo da ake kira Tartsatsi, yakan ɗaga gilashin fuskarsa da safe ya ce, "Baba, an tashi? To, Allah ya ba da sa'a gobe." Mai kawo burodi ya ce in dai taimako ake so, shi yana da babur mara birki. Baba yakan amsa gaisuwa yadda ta zo, ya shiga shago ya tura rabin ƙofa.

Ba dariyar ce take damunsa ba. In shekarar ta fita yana numfashi, dutse ɗaya tak da ya ɓata a rayuwarsa zai zama nasa, ɗauke da sunansa, da ƙarya a ƙarƙashin sunan. Shi da ya ɗora yatsa a gurbin mutane fiye da ɗari ya ce akwai Mai shi. Wanzami dai ba ya son jarfa. A coci ma ya lura da wani abu game da kansa. Addu'ar nan da kowa ya haddace tun yana ƙarami, wadda ake yi tare da murya ɗaya, akwai wuri a farko-farkonta inda ake bar wa Ubangiji zaɓi. In an zo wurin sai tari ya kama shi. An wuce kuwa sai tarin ya lafa.

A watan tara ya je ofishin fasto. Wannan sabo ne, wancan da ya ari maganar tuni Baba ya yi masa dutse. Ofishin tebur ne ɗaya, kujera biyu, fanka mai ƙara, da kalanda a bango. Baba ya zauna, ya cire hula, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce yana so a sa shi a addu'a. Fasto ya ce ta ƙarin lafiya? Baba ya ce a'a, lafiya ta isa haka, ta ma yi yawa. Ya ce shi ba gaggawa yake yi ba, ba kuma koya wa Ubangiji aiki zai yi ba. Tuni ne kawai, irin wanda akan yi wa babba cikin ladabi, ko abin ya shige ƙarƙashin wasu takardu.

Fasto ya kalli kalanda, ya kalli Baba. Ya ce shekara bakwai ya yi yana karatu, ba a koya musu irin wannan addu'ar ba. Sannan ya ce, "Baba, na ji an ce ba ka buga guduma sai mai abu ya ce e sau uku. A wannan ɗin sau nawa aka ce maka?"

Baba ya ce ai shi ne mai dutsen.

Fasto ya ce dutsen, e.

Baba ya mai da hularsa, ya gode, ya ce a gai da gida. A shago ya gaya wa Auta cewa yaran yanzu akwai ilimi, sai dai ba su san aiki ba.

A mako na biyu na watan ƙarshe mura ta kama shi, ta sauka a ƙirji. Aka ga fuskarsa ta saki. Ya yi aski, ya yanke farce, ya sa farar riga, ya hau gado ya miƙe ƙafafu. Ya aika a gaya wa mawaƙa su fara gwaji. Biyu daga cikin 'ya'yansa maza suka zo daga nesa, suka zauna a falo suna magana ƙasa-ƙasa. Maman Auta kuwa ta ajiye ɗinki, ta kama shi da ruwan zafi da lemun tsami da zuma, safe da rana da yamma, ta tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwayoyin asibiti. Kwana biyar ya fara jin yunwa. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, cikinsa ya tona shi. 'Ya'yan suka ce sun bar aiki, suka koma.

Rana ta shida da yamma tana zaune a bakin gado tana sa wa wata riga maɓalli. Ya ce mata, yana kallon silin, ba ta kyauta ba.

Ta ce ta sani.

Ya ce shekara takwas yana tsara abin nan. Komai a jere yake: shi ya fara tafiya, Auta ta sa lamba biyu, ita Maman Auta ta zauna ta ga jikoki sun girma, in lokacinta ya yi Auta ta sa huɗu. Kafin nan tara ɗinta ta gyaru.

"In kuma ba a bi jerin ba fa?" in ji ta.

Ta gama maɓalli ɗaya ta ɗauki wani.

"Na rubuta na uwata," in ji shi. "Na rubuta na ƙanena. Na rubuta na abokaina duka. Hannuna bai yi rawa ba. Naki ne ban san yadda ake riƙe guduma a yi shi ba."

Maman Auta ta ciji zare ta tsinke shi. Ta ce shi ya sa ya ga gara ita ta tsaya a kan nasa, tun da ita da ƙarfe aka yi ta. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ta ce ta san ba haka yake nufi ba, haka dai ya rubuta. Sannan ta tashi ta kawo masa abinci, ya cinye.

Ranar ƙarshe ta shekara ya kwanta da wuri, da farar rigar a jikinsa. Da gari ya waye, abin da ya fara ji hon ɗin mai burodi ne. Ya buɗe ido ɗaya ya ga silin ɗin da ya sani, da tabon yoyon nan. Ya motsa yatsun ƙafa, duk goma suka amsa. Maman Auta ta leƙo ta ce masa barka da sabuwar shekara, shayi yana kan tebur.

Da rana iyali suka taru a bayan shago aka janye buhun. Ba wanda ya san irin gaisuwar da ta dace. Surukin mutum ne da ya saba haɗa wayoyin da ba a yi su don juna ba. Ya tsuguna, ya gwada da yatsu, ya ce ai abin bai ɓaci ba. Tsakanin ɗan layin da lamba ɗaya akwai fili. In aka matse aka sa biyu da sifili a gaba, sai ya zama 2019. Ba a goge komai ba, ba wanda zai san an yi kuskure. Baba kuma ya samu shekara goma sha tara, ya kai tamanin da bakwai. Wa zai raina?

Baba ya ce a miƙo masa rula. Ya auna. Ya sake aunawa. Wurin ya isa, da ƙyar, amma ya isa. A karo na farko cikin wata goma sha biyu aka ga haƙoransa. Ya ɗauki alli ya zana biyu da sifili, suka zauna kamar da ma can wurinsu ne.

"Wato an ƙara masa wa'adi ke nan," in ji Maman Auta.

Suruki ya ce e, Mama, har shekara goma sha tara.

"Ba Babanku nake nufi ba, Mai gurbin nake nufi," ta ce, ta koma kan kekenta.

Baba ya ce allin zai kwana. Wannan karon za a bi doka.

Washegari ya riga kowa zuwa shago. Ya jawo bencin da yake ba masu dutse, ya goge shi da tsumma, ya ajiye shi a gaban baƙin dutsen. Bai zauna a kai ba. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya sa tabaransa mai zare, ya karanta da murya: sunan, shekarar haihuwa, ɗan layin, biyu, sifili, ɗaya, tara. Ya ɗago kai wajen bencin ya ce, "Haka ne?"

A waje Tartsatsi ya ta da injinsa. Wata mota ta wuce.

Ya karanta na biyu, ya tambaya. Ya karanta na uku. Ya ba da lokaci sosai, don ya san akwai masu abin da ba sa saurin magana. Auta ta iso ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Ta ga ya sunkuyar da kai, bakinsa yana motsi, ta kuma lura bai yi tari ba.

Ya jiƙa tsumma ya goge biyu da sifili.

Sauran biyun tsumma ba zai iya da su ba. Hanya ɗaya ce, wadda ya hana kansa tun yana saurayi: a ci fuskar dutsen a wurin har a wuce zurfin lambobin. Yin haka yana barin ɗan kwarmi, duk mai ido ya gani ya san an yi magana an janye. Tartsatsi ya ce bari ya kawo injin gurza, minti goma an gama. Baba ya ce da hannu aka yi laifin. Ya sa aka fitar da dutsen gaban shago, bakin hanya, inda masu zuwa maƙabarta da masu dawowa suke wucewa. Ya zauna da dutsen wasa wuƙa da gwangwanin ruwa. Kwana tara yana gurzawa. Duk wanda ya tsaya ya tambaya, yakan ce masa ya shiga gurbin da ba nasa ba ne, yana fita. Masu tsokanar layin suka rasa ta cewa, don ba daɗi ka tsokani mutum da maganar da ya riga ka faɗa.

Rana ta shida fasto ya zo wucewa ya tsaya. Baba, bai ɗago kai ba, ya ce masa waccan buƙatar ya janye ta. Fasto ya ce da ma bai aika ba.

Rana ta goma ya shiga gari ya sayi takalmi da tabarau. Ya kira mai gyaran rufi. Ya ce a sayo babban man goge baki, sannan ya yi tunani ya ce matsakaici, don ta wannan ɓangaren ma ana iya yin shisshigi.

Shekara bakwai suka ƙara tare. Ba wani abin labari a cikinsu. Ya yi aiki, ta yi ɗinki, jikoki suka zo suka ƙarar masa da alli a bango. Wata Alhamis a 2007 Maman Auta ta ce kanta yana ciwo, ta kwanta da rana, abin da ba ta saba ba, ba ta kuwa sake tashi ba. A kan keken akwai rigar da saura hannu ɗaya. Ba ta zaɓi waƙa ba, ba ta ba kowa takalmi ba.

Bayan wata guda Auta ta ce ita za ta yi rubutun. Baba ya ce a'a. Ya ba ta benci. Ya karanta, ya tambaya, ta ce e. Ya zana, ta ce e. Allin ya kwana. Da safe ya fara karanta na uku, muryarsa ta tsaya a kan sunan, ya jira ta dawo, ya ƙarasa. Auta ta ce e. Ya kafa ƙarfen, ya ɗaga guduma, ya ce, "To, Ubangiji, riƙe mini," da irin muryar da yake ce wa mai kama masa dutse. Lamba huɗu, kwana huɗu. Wanda ya san aiki in ya duba bakwai ɗin zai ga ƙafarta ta ɗan karkace. Baba ya gani. Bai gyara ba.

Aka kafa dutsen a kanta, gefe ɗaya cike, gefe ɗaya da kwarmi. Kowace Lahadi bayan sujada yakan bi ta can da tsumma a aljihu, ya goge gefe biyun, ya ba ta labarin layi, wa ya tashi, wa ya yi aure, wa ya ƙone yatsa. Ba ya daɗewa. Ya ce ita da ma ba ta son dogon bayani.

Da 2019 ta zo ya riga ya ajiye guduma. A bencin masu dutse yake zama yana kallon Auta, ita ce yanzu take tambaya sau uku. Surukin bai ta da maganar lissafin nan nasa ba duk shekarar, amma ya riƙa zuwa gaisuwa fiye da yadda ya saba, yana yi wa tsohon irin kallon da yake yi wa fitilar da ta fara ƙyaftawa. Baba ya gane, ya ƙyale shi. Sai ranar farko ta sabuwar shekara, da surukin ya durƙusa yana gaishe shi, ya ce masa, "Ka gani ko? Da mun ɓata shi sau biyu."

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsi, yana zaune a bencin, ya ce wa Auta wancan harafin na ƙarshe kamar ya ɗan matsu. Ta juya ta duba, ta ga da gaskiyarsa. Ta juyo za ta gaya masa, ta tarar ya riga ya cika.

Takardar waƙoƙin ta riga ta ɓace a hannun shugaban mawaƙa na huɗu, aka rera wasu, ba wanda ya yi ƙorafi. Bayan wata guda Auta ta ɗauki kayan aiki da benci ta tafi maƙabarta. Babban wanta ya zauna, ta karanta masa, ya ce e. Allin ya kwana a can. Ta sassaƙa lambobin a cikin kwarmin, shi ya sa sun fi sauran rubutun zurfi kaɗan, da safe inuwa takan daɗe a kansu. Biyu, sifili, biyu, sifili.

Tara ɗinta ta daɗe da gyaruwa, duk garin ba mai yin irinta. Ba a buƙace ta ba.